Kada Ki Karɓi Kwalbar Inna Rabi

Daga Jibiya, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Katsina lafiya, kin dace da ɗaki mai iska da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronSa a wurin aikin. Cikin farar rigar aikinki na naɗe ta, don na san ita za ki fara zarowa. Da cikin kayan miya na sa, sai ta yi wata ba ki gan ta ba, na san tsakaninki da murhu.

Ba labari zan ba ki ba. Magana guda ce ta hana ni sakat. Shekaranjiya da Malam Idi, mijin ƙanwata Rabi, ya tsallako daga ƙetaren iyaka don yi miki sallama, na ji abin da ya faɗa kina durƙushe gabansa. Ya ce, "To Ummi, tunda Allah Ya kai ki wurin manyan injuna, wahala ta ƙare. Innarki Rabi ciwon bayan nan ya ƙi barinta, ga zazzaɓi kullum marece, ga zane ba ya zama ƙugu. Zan sa a ɗibi jininta a likitar garinmu, ɗan asibitin nan namu, in ba direba ya kawo maki. Ki sa ga inji ki gaya muna mi ke akwai. Inji dai bai ƙarya." Ke kuma kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Baba." Ina gefe ina kwashe tuwo, wallahi mara ta kusa suɓuce mini. Na yi shiru ne kawai don ba na so in kunyata shi a gaban 'ya'ya.

To ga tawa maganar, ki ji ta da kunnen basira: in kwalbar jinin nan ta iso, kada ki karɓa. Ki mayar wa direba abinsa.

Na san abin da za ki ce, Mama ta cika tsanani, ina laifin taimakon ɗan'uwa? Shi ya sa na zauna zan warware miki. Na yi aikin ɗakin gwajin jini a garin nan tun ba a haife ki ba har na ajiye, kuma na tafka kurakurai da ban taɓa gaya miki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Awon da Malam Idi ke nufi, ko bai san sunansa ba, shi ne awon kwanciyar jini, wanda muke ce wa ESR a wurin aiki. Kin fi ni sanin Turancinsa, amma bari in faɗa da bakina. A zamaninmu jinin muke haɗawa da ruwan maganin da ke hana shi daskarewa, mu ja shi cikin wani dogon bututun gilashi siriri mai zane-zanen lamba, mu tsayar da shi ƙyam a jikin katako, mu ba shi awa guda. Jajayen ƙwayoyin sai su riƙa nutsewa ƙasa, ruwan jinin ya taso sama garau. Tsawon ruwan nan shi muke karantawa. In mutum lafiyarsa ƙalau, kaɗan zai sauka. In kuwa wani abu na ci a jiki, kumburi ko ƙwayar cuta, ƙwayoyin sai su manne da juna su jeru kamar kwanukan jere, su yi nauyi, su faɗi da sauri. Shi ke nan awon. Ba ya faɗin sunan ciwo, yana dai cewa a tashi a duba.

Kuskurena na farko na tebur ne. Ɗakinmu na wancan lokacin yana kallon titi, titin da manyan motocin Maraɗi ke bi. In suka jero daga wajen duwan, wato kwastan na iyaka, ɗauke da kaya, har kwalabe sai sun yi ƙara a kan kanta. Ni kuma don in ga lambobin da kyau, sai na mayar da katakon bakin taga. Ƙafarsa guda ta gutsure, na tokare ta da kwali. Ga karkata, ga girgiza, ga rana tana dukan gilashin, kuma dukansu ukun suna sa jini ya faɗi da gaggawa fiye da gaskiyarsa. Sai na wayi gari kowa ya zo lambarsa sama. Har ina cewa a raina, kai, mutanen ƙasar nan sun cika ciwo! Wata baiwar Allah daga Bugaje, ciwon kai ne kawai ya kawo ta, aka dinga yi mata aike daga wannan gwaji zuwa wancan saboda lambar da na rubuta. Ta dawo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malama, ki gaya mani gaskiya, mutuwa zan yi? In raba 'yan kayana?" Likita ne ya gaji, ya taso da kansa ya shigo ɗakin, ya dubi kwalin nan, ya dube ni, ya fita bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka ranar da kika fara aiki, kafin ki dubi injin, ki dubi abin da yake zaune a kai. Tebur ɗin yana rawa? Kusa yake da injin wulwula jini, ko bangon da janareto ke jingine? Rana tana leƙo shi da la'asar? In kin ga haka ki faɗa wa na gaba da ke, cikin ladabi, ko da ranarki ta farko ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu, kuskuren girman kai ne, kuma shi na fi so ki yi mini dariya a kai don kada ki gaje shi. Saura kaɗan in ajiye aiki aka kawo mana inji. Aka turo wata ma'aikaciya, Maryam, wadda ta yi karatunsa, ta zo ta nuna mana. Na harɗe hannu na tsaya daga nesa ina taɓe baki. Ta ce, "Mama, matso ki gani." Na ce, "Ina gani daga nan. Abin da Allah Ya yi wa awa guda, akwatin nan ne zai yi shi cikin rabi?" Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauki kwalba a rufe, ba ta ko buɗe murfin ba, ta sa a raminta. Ta nuna mini yadda injin ke jujjuya ta a hankali har jinin ya haɗu, sannan ya tsayar da ita daidai, ba kwali ba tokara. Akwai wani ɗan haske a ciki wanda ido ba ya gani, yana hawa yana sauka a gefen kwalbar. Inda ruwan jini yake, hasken ya ratsa ya wuce. Inda ƙwayoyin suka taru, ya tokare. Ta haka injin ke gane iyakar da ke tsakaninsu, yana bin ta tana sauka, kafin awa ta cika ya lissafa inda za ta kai, ya kuma gyara lissafin gwargwadon zafin ɗakin. Ta ce akwai ma wani iri a manyan asibitoci, irin wanda za ki tarar, da ke zuƙar ɗigo kaɗan cikin siririn bututu, ya tsayar da gudunsa farat ɗaya, ya haska ya ga saurin da ƙwayoyin ke mannewa da juna. Kafin ki gyara ɗaurin ɗankwali lamba ta fito.

Kin san abin da uwarki ta yi? Na ɗauko tsohon katakona na kafa a ƙuryar ɗaki, duk jinin da aka sa a inji sai in ɗibi kaɗan in tsayar da nawa, ina jira in kama shi yana ƙarya. Na daɗe ina wannan gadi. Yawanci bakinmu ɗaya. Inda muka saɓa kuwa, da tsakar rana ne lokacin bazara, ɗaki ya yi zafi kamar gidan burodi, kuma nawa ne ya zarce, ba nasa ba. Na tattara katakona na mayar kabad, na je na ce wa Maryam, "To, koya mini." Ta ce, "Ai tun ranar farko nake jiranki, Mama."

Mu fa da baki muka fara jan jini cikin bututu, Ummi. Na san ɗanɗanon jinin mutane, Allah dai Ya kiyaye mu kawai. Duk wanda ya ce miki aikin da ya fi na yanzu, ki ce ya zo ya same ni. Ki koyi injinki ciki da bai. Kullum safe ki fara sa masa jinin gwaji, wanda aka riga aka san lambarsa, kafin ki yarda ya taɓa na majinyaci. Ki lura kada takardar suna ta rufe inda hasken zai ratsa. Kwalbar da ba ta cika zuwa layi ba, ko wadda kika hango gudan jini a ciki, ki ajiye ta gefe a sake ɗiba, ko da mai ita zai yi miki tsaki. In injin ya yi ƙara ya ƙi ba da lamba, ba iskanci yake yi ba, wani abu ya gani.

Amma akwai abin da ba ya gani, kuma nan ne na zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin taso kin tarar da Kawunki Sani, yayana, a tanƙware yana dogara sanda. Kuna yara kuna tsammanin haka Allah Ya halicce shi. A'a. Yaya Sani dogo ne, miƙaƙƙe, shi ke ɗora wa mutane buhun gero a ka, nasa kuma ya saɓa shi kaɗai. Wata damina, ana tsakiyar noma, ciwon baya ya kama shi a ƙauyensu na ƙetare. Ga zufa, ga rama, ga zazzaɓin marece. Na aika masa ya zo. Ya aiko cewa gona ba ta barin mutum, ga kuma wahalar shingaye a hanya. Sai wani ya ba shi shawarar da Malam Idi ya kawo yanzu: ai ƙanwarka na ɗakin awo, aika mata da jinin mana.

Da hantsi aka ɗibi jinin a can. Ɗan acaɓa ya sa kwalbar a aljihun gaban rigarsa. Ya tsaya ɗaukar fasinja, ya tsaya a shinge, ya tsaya cin tuwo, ruwa ya tare shi a wata rumfa, rana ta sake buɗewa a kansa. Sai bayan la'asar ya shigo yana murmushi, ya ce, "Hajiya, ga saƙon Malam Sani, ya ce a gaishe ki." Na karɓi kwalbar na ji ta da ɗumi a tafin hannuna. Na sani, Ummi. Ba jahilci ba ne. An koya mana cewa jinin wannan awo 'yan awoyi kaɗan yake da su, in ya wuce haka, musamman cikin zafi, ƙwayoyin sukan kumbura su canja siffa, su kasa jeruwa, su ƙi nutsewa. Jinin mai ciwo sai ya fito kamar na mai lafiya. Na san wannan sarai. Amma na ce a raina, yayana ne, ya zan mayar masa da saƙo? A ce Hajara ta yi boko ta fi ƙarfin danginta? Na tsayar da jinin, na jira awata, ya sauka ɗan kaɗan. Raina ya yi fari don abin da nake so in gani ke nan. Na ce wa ɗan acaɓan, "Ka ce masa jini lafiya lau, gajiyar noma ce."

Kalmomin nan su suka zaunar da shi. Duk wanda ya ce masa ya tafi asibiti sai ya ce, "Ƙanwata ta auna, ta ce lahiya lau." Ya ƙarasa noma, ya yi girbi, ya shiga rani yana shan jiƙe-jiƙe. Sai da ƙafafunsa suka fara ƙin ɗaukarsa aka kawo shi kwance cikin mota. Likita ya duba shi, ya tura hoto, ya rubuta awon jini. Ni na ɗaure masa dantse, ni na ɗiba, na tsayar da shi nan take. Ummi, ban matsa daga gaban bututun nan ba. Ina kallo jan yana zamewa ƙasa, ruwan yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, tun kafin rabin lokaci ya wuce inda ban taɓa so in gani ba. Tarin fuka ne ya shiga ƙashin bayansa, ya daɗe yana ci. An yi magani, Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ƙashin da ya rushe ya riga ya rushe.

Na je gadonsa na durƙusa ina kuka na gaya masa abin da na yi. Kin san Kawunki da barkwanci. Ya ce, "Haba Hajara, tashi. Wancan karon ai saƙo kika auna, ba ni ba." Ya yi dariya abinsa. Bai sake tayar da maganar ba har yau. Ni kuwa duk sallar da ya zo gidan nan na ga yana neman inda zai jingina sanda kafin ya zauna, sai in tuna kwalbar nan.

Kuskure biyu na yi a rana ɗaya, ki rarrabe su da kyau. Na karɓi jinin da bai kamata in karɓa ba. Sannan na yi aikin da ba nawa ba, na yanke hukunci a kan mutumin da likita bai ko taɓa ba. Ko da jinin sabo ne, lambar nan ba ta isa a ce wa mutum lafiya lau ba. Mai sikila yana iya kwance rai a hannun Allah lambarsa tana ƙasa. Mai juna biyu ko mai ƙarancin jini tasu ta hau alhali ba wani mugun abu. Lambar ta likita ce, ya haɗa da abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya taɓa. In majinyaci ya tare ki a baranda ya ce, "Malama, ya kika gani?" ki sakar masa fuska ki ce, "Mu je in raka ka wurin likita." Kada "lafiya lau" ta fita daga bakinki, ko don ki faranta wa wani.

Yanzu ki dubi abin da Malam Idi ke shirin yi. Daga ƙauyensu zuwa bakin iyaka a kan babur. Daga nan a jira mota ta cika a tashar Jibiya. Daga Jibiya zuwa Katsina kuma kin san yawan tsayawar da ake yi. Kwalbar za ta iso miki ta sha rana a gaban mota kusa da goron direba. Injinki zai karɓe ta hannu biyu, ya juya ta, ya haska ta, ya buga miki lamba tsaf a takarda mai kyau. Ba zai yi ƙarya ba, gaskiyar Malam Idi. Abin da aka ba shi zai auna. Ba shi da hanyar sanin ta hau babur, ba zai tambaye ki yaushe aka ɗiba ba. Ke ce za ki tambaya. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, takardar inji ta fi bakina ƙarfi. Ni da baki kawai na faɗa, yayana ya zauna har bayansa ya karye. Ina ga an kai wa Malam Idi takarda bugaggiya? Sai ya linke ta ya sa a aljihu, duk wanda ya ce a kai Rabi asibiti ya zaro masa.

Ba mugun mutum ba ne, kada ki ɗauke shi haka. Yana son matarsa. Tausayin hanya yake ji mata, ga aikin gona ya taso, ga shi ya yarda da ke. Yardar nan ce ma abin tsoron. Kuma na san ke, kunyarki ta yi yawa, tun kina ƙarama in babba ya ce miki wuta ruwa ce sai ki ce to. Kunya ado ce, ni na koya miki, amma ba a bakin wannan injin ba. In ya kira ki a waya, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki tambayi mai jiki, sannan ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, aikin bai yarda a auna jinin da ya yi tafiya ba, sai Inna ta zo da kanta." In ya ce yarinya ta shiga birni ta canja, ki ce, "Mama ce ta hana." Ki ɗora mini, wuyana ya saba da kaya. Fushinsa na kwana biyu ne, za a shirya a bikin wani.

Ba kuma zan bar ki da faɗan ke kaɗai ba. Zumunci a ƙafa yake, ni ce na manta da haka wancan karon, na zauna a kujera na jira a kawo mini yayana cikin kwalba. Na riga na gaya wa Babanki, ya amince. Jajibirin kasuwa zan tsallaka in kwana wurin Rabi, washegari da motoci suka yawaita in taso da ita. In ba ta iya zaman babur, a nemo mota. In an tsayar da mu a shinge goma, mu tsaya a goma. In Malam Idi ya ce gona, in ce masa gona ba ta gudu.

Jiya na kira Kawunki Sani na gaya masa duk yadda ake ciki. Sai ya ce, "Ki biyo ta nan ki ɗauke ni." Na ce, "Yaya, da wannan bayan naka?" Ya ce, "Shi za ni kai mashi ya gani. Ke ki yi ta bayaninki na asibiti, ni tsayawa kawai zan yi a ƙofar gidan Idi."

To kin ji. Ki nemi likitan da zai duba ta, ki tambayi ranar da ake ganin masu irin ciwonta, ki sanar da ni. Ki ci abinci, ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki sa safar hannu ko da ana gaggawa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare hannunki daga cutar da bawanSa, Ya kiyaye ki daga irin kuskuren uwarki. Allah Ya ba Rabi lafiya, Ya kai mu Ya dawo da mu cikin aminci, mu da duk wanda ke kan hanyar nan.

Ki tanadi allura da auduga, Ummi. Hannun zan kawo miki, da mai shi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara